Me Ya Sa Madara Ba Ta Yi Wa Mai Saniya Kuɗi?

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan fitowa za mu yi bayani a kan madarar shanu da kuɗinta. Abin da ya jawo maganar shi ne wani abu da na gani da daminar bara, lokacin da na je duba ajin yaƙi da jahilci a wata ruga kusa da Bengu. Na tarar da matan ajin ransu a ɓace. Wani mai yin yawur a gari ya saba aiko yaro da babur kowace safiya yana ɗaukar madararsu. A wannan mako sau biyu yana mayar masu da bido cike, ya ce madarar ta yi tsami. Kuɗin makon da ya wuce ma bai biya ba, ga shi ya rage dala goma a kan kowane litir. Wata dattijuwa ta dube ni ta ce: "Malam, kai da ka yi karatu, gaya mana. Saniya tamu, wahala tamu, don me wani ne ke yanka kuɗin?"

Tambayarta ta cancanci amsa. Ga abin da ya kamata kowane mai saniya ya sani.

Arzikin da muke da shi

Nijar ƙasar kiwo ce. Ƙidayar dabbobi da aka yi tsakanin 2005 da 2007 ta samu shanu fiye da miliyan 7. Yankin Gaya ya fi ko'ina a ƙasar samun ruwan sama, wajen milimita 800 a shekara. A Bengu muna da fadama, muna noman rake da dankali da rogo da shinkafa, ga gishirin Foga a kusa da mu. Ana kiwon Jalli da Gudali da jajayen shanun Bororo. Ta gabas muna da kasuwar Kamba a Najeriya, ta kudu kuma Malanbil a ƙasar Benin, ƙetaren kogi.

Duk da haka, yawancin nonon leda da yawur da ake sha a biranenmu da garin madara ake yin su, wanda ake kawowa daga ƙasashen waje. Mai saniya yana rasa mai saye, kamfani kuma yana sayen madara daga Turai. Dalilai huɗu ne suka haɗu suka kawo haka.

Dalili na farko: madara ba ta jira

Mai gero yana iya zuba shi a rumbu ya jira kasuwa ta yi kyau. Mai madara ba shi da wannan dama. A zafin ƙasarmu, awa uku zuwa huɗu bayan tatsa madara ta fara juyawa, sai fa in an tafasa ta ko an sanyaya ta. Ƙwayoyin da ido ba ya gani ne ke shiga cikinta daga hannu da ƙwarya da ƙura, suna yaɗuwa da sauri in akwai ɗumi. Mai saye ya san da haka. Ya san in ya ƙi saye da hantsi, kafin azahar mai madara zai karɓi duk abin da aka ba shi. Wanda kayansa ke lalacewa a hannunsa ba shi da ƙarfin ciniki.

Dalili na biyu: damina da rani

Da damina ciyawa ta wadata, shanu sun haihu, kowace ruga tana da madara. Kaya sun yi yawa, kuɗi ya faɗi. A lokacin ne kuma hanyoyi ke lalacewa, babur ba ya isa wasu rugage. Da rani da bazara mutanen birni sun fi son nono mai sanyi, amma saniya ta rame, da ƙyar take ba da litir ɗaya ko biyu, garke kuma ya tafi neman ciyawa. Tafiyar ma ta ƙara wuya: a ƙarshen 2019 ƙasar Benin ta hana shigar garkunan ƙetare, a 2023 kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil. Ke nan lokacin da kamfani ya fi bukatar madara babu ita, lokacin da ta yi yawa kuma bukatarsa ta ragu.

Dalili na uku: garin madara

Wannan shi ne babban dalili. Kilo ɗaya na garin madara, in an dama shi da ruwa, yana ba da wajen litir 8. Buhu mai kilo 25 zai ba da kusan litir 200. Wato buhu guda daidai yake da tatsar rana ɗaya ta shanu 100, in kowace ta ba da litir 2. Buhun yana zaune a shago wata da watanni bai lalace ba, ba ya bukatar babur, ba ya bukatar sanyi.

Me ya sa yake da araha? Tun daga 1984 ƙasashen Tarayyar Turai suka ƙayyade yawan madarar da kowace ƙasa za ta tatsa. A ƙarshen Maris na 2015 suka ɗage wannan iyaka. Madara ta yi masu yawa, suka mai da ita gari suka nemi kasuwa a waje. Gwamnatocinsu kuma suna ba manomansu tallafin kuɗi kowace shekara. Bayan haka kamfanoni sun ƙware da wata dabara. Suna cire man shanu daga madara su sayar da shi da tsada, sai su zuba man kwakwar manja da aka tace a madadinsa, su busar. Wannan gari mai man itace ya fi cikakkiyar madara araha da kusan kashi ɗaya cikin uku. Mai saye a kasuwa sau da yawa bai san bambancin ba, domin an ƙulla shi a leda babu rubutu.

Ga kuma batun kuɗin kwastan. A tsarin bai ɗaya da ƙasashen Afirka ta Yamma suka fara aiki da shi a Janairun 2015, garin madara na manyan buhuna kashi 5 cikin 100 kawai aka ɗora masa. Don haka in mai yin yawur ya zo ruga, da lissafin buhu a ransa yake zuwa. Ba zai so ya biya litir ɗin saniya fiye da abin da litir ɗin gari ke ci masa ba.

Manyanmu za su tuna da Janairun 1994, lokacin da aka karya darajar sefa da rabi. Kayan waje suka yi tsada, har da garin madara, sai masu sana'a suka waiwayi madarar gida. Wannan ya nuna cewa kuɗin da ake biya a Bengu yana da alaƙa da abin da ake yankewa a wurare masu nisa.

Dalili na huɗu: nisa da rashin haɗin kai

Manyan kamfanonin madara na ƙasarmu a Yamai suke. Gwamnati ta kafa OLANI a farkon shekarun 1970, aka sayar da shi ga ƴan kasuwa a 1998 ya koma SOLANI, har sunan ya zama abin da mutane ke kiran nonon leda da shi. A 1994 Hajiya Zainabu Maida ta kafa Niger-Lait. Daga Gaya zuwa Yamai kusan kilomita 300 ne. Babu mai tura mota wannan nisa don litir biyar na wance da litir uku na wane. Saboda haka masu sayenmu ƙananan masu yawur ne da ƴan tsakiya masu babura. Su kaɗan ne, mu muna da yawa, kuma kowa shi kaɗai yake ciniki.

Kukan kowane ɓangare

Adalci ne a ji ta bakin kowa. Makiyaya suna kuka da abubuwa biyar. Mai saye ne kaɗai ke faɗin kuɗi. Yana rage shi da damina ba tare da shawara ba. Yana jinkirta biya. Yana mayar da madara ba tare da an gwada ta a gaban mai ita ba. Ma'auninsa kuma ba a san cikarsa ba.

Masu sarrafa madara su ma suna da nasu. Suna cewa wasu na ƙara ruwa. Wasu na haɗa tatsar daren jiya da ta safiya, bido guda ya ɓata sauran. Wasu na kawo madarar saniyar da aka yi wa allura, yawur ya ƙi kwanciya, a yi hasarar tukunya duka. Wanda ya yi alkawari da damina, da rani sai a neme shi a rasa, ko ya kai wa wani da ya ƙara masa dala biyar. Ga tsadar wutar lantarki da ɗaukewarta, ga kuɗin leda da sukari.

Duk waɗannan koke-koke akwai gaskiya a cikinsu. Inda babu ma'auni, babu gwaji, babu rubutu, zargi ne ke cika wurin.

Mu yi lissafi

Ga misali don aji. Kuɗin da ke ciki na misali ne, kowa ya sa na kasuwarsa.

Wata mata tana tatsar shanu 4 da rani. Kowace tana ba da litir 2 bayan maraƙi ya sha. Jimla litir 8. Ana sayen litir dala 60, wato sefa 300. Kuɗin da ya shigo: dala 480.

Abin da ya fita: kowace saniya tana cin dussa kilo 2, kilo dala 40. Shanu 4 sun ci na dala 320. Mai babur yana karɓar dala 5 a kan litir, dala 40 ke nan. Gishiri da magani, dala 20. Jimla dala 380.

Abin da ya rage mata: dala 100 a rana.

Yanzu a ce mai saye ya rage dala 10 a kan litir. Kuɗin shiga ya koma dala 400, abin da ya rage mata dala 20. Ragin dala 10 ya cinye kashi huɗu cikin biyar na ribarta. In kuma aka mayar mata da madarar rana ɗaya ta zube, ta yi hasarar dala 380 da ta kashe, kusan ribar kwana huɗu. Wanda bai iya wannan lissafi ba yana iya yin shekara yana ciyar da shanu da kuɗin aljihunsa, yana zaton ciniki yake yi.

Yadda wasu suka yi

Kukan nan ba namu ne mu kaɗai ba. A Satumban 2009 manoman ƙasar Beljik sun zubar da madara wajen litir miliyan 3 a gonaki kusa da garin Sine, domin kuɗin da kamfanoni ke biya bai kai abin da suke kashewa ba. Duniya ta ji kukansu, amma zubarwa ba ta cika aljihu.

Labarin Indiya ya fi amfani gare mu. A gundumar Kaira, kamfanin Polson ne kaɗai ke da izinin sayen madara yana kaiwa birnin Bombai, kuma shi ke yanka kuɗi. A 1946 manoma suka daina ba shi, suka kafa koperatif nasu a garin Anand. Da ƙauyuka biyu suka fara, madarar ba ta kai litir 250 a rana ba. Tsarinsu mai sauƙi ne. Kowane ƙauye yana da wurin tara madara. Ana auna ta, a gwada yawan manta a gaban mai ita, a rubuta, a biya a kan lokaci. Daga baya suka gina masana'antarsu, wadda ake kira Amul. Tun ƙarshen shekarun 1990 Indiya ce ta fi kowace ƙasa yawan madara, kuma yawancin masu kawo ta shanu ko ɓauna biyu zuwa uku gare su.

A gida ma akwai misali. A kewayen Yamai an kafa cibiyoyin tara madara a Hamdallai da Kollo, ƙarƙashin kulawar ƙungiyoyin makiyaya. Shirin Nariindu, wanda ya fara a 2012, ya tallafa masu tare da ƙungiyoyi irin su Karkara da AREN. Masu babura da kekuna na kawo madara daga rugage. A cibiya ake gwada ta, a sanyaya ta, sannan a kai wa kamfani bisa yarjejeniya. A nan kuma makiyayi ke samun dussa, a cire kuɗin daga na madararsa. A 2018 ƙungiyoyin makiyaya da masu sarrafawa na ƙasashen yankinmu suka fara gangamin kare madarar gida, suna neman a ƙara kuɗin kwastan a kan garin madara, a kuma tilasta rubuta abin da ke cikin kowace leda.

Abin da ke hannunmu

Kuɗin kwastan aikin hukuma ne. Amma akwai abubuwan da za mu iya farawa daga gobe.

1. Tsabtar tatsa. A wanke hannu da sabulu. A goge hantsar saniya da tsumma mai tsabta. A zubar da tatsar farko ta kowane kan nono. A tace madara da farin ƙyalle. A wanke bido da ruwan zafi da sabulu, a kife shi a rana. Bido mai faɗin baki na alminiyom ya fi tsohuwar jarkar mai, domin hannu na shiga cikinsa. Kada a haɗa tatsar dare da ta safe.

2. Saurin kaiwa. Madara ta isa wurin tarawa kafin awa uku. A naɗe bido da jiƙaƙƙen buhu, a ajiye a inuwa. Inda akwai firiji, a sauke ta zuwa digiri 4.

3. Gaskiyar kaya. Kada a ƙara ruwa. Ruwan tafki yana kawo zawo ga mai sha, yana kuma zubar da mutuncin ruga duka. Saniyar da aka yi wa allura, a tambayi malamin dabbobi kwana nawa za a jira kafin a sayar da madararta. Mai ciwon hantsa a tatse ta daga ƙarshe, a zubar.

4. Gwaji a gaban kowa. Gwaji biyu ne, kuma ba su da tsada. Na farko, a haɗa ɗan madara da alkol na gwaji daidai wa daida. In ta tsinke, ta fara tsami. Na biyu, a saka ƙaramin ma'aunin gilashi mai iyo a cikinta. Madara mai kyau tana nuna tsakanin 1,028 da 1,033. In ta yi ƙasa sosai, an sa ruwa. Ƙungiya ta mallaki nata kayan gwaji da nata ma'aunin litir. Kada a yarda a mayar da madara sai an gwada ta a idon mai ita.

5. Tanadin abincin rani. Madarar rani ce mai kuɗi. A tara harawar wake da ta gyaɗa, da ganyen dankali, da kan rake, da dussar shinkafa, a ajiye a rumfa kada rana ta cinye su. A sayi dussa da angurya tun da kaka, ƙungiya ta saya a dunƙule. Ana gyara bambaron shinkafa da takin ure ya ƙara amfani, amma kada kowa ya gwada sai ma'aikacin kiwo ya nuna masa, domin ure in ya yi yawa yana kashe dabba. A ware shanu biyu ko uku mafi nono su zauna gida in garke ya tafi.

6. Sarrafa rarar damina. Abin da aka rasa mai saye kada ya zube. A yi kindirmo, a kaɗa man shanu, a yi cuku irin na arewa da ake shanyawa, ko wagashi irin na Fulanin Benin da ake haɗawa da ruwan tumfafiya. Wanda ke da wata mafita ba a tilasta masa karɓar kuɗin wulaƙanci.

7. Ƙungiya da takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Rugage goma masu litir 10 kowace sun zama litir 100, kuma mai litir 100 ana zama a yi magana da shi. A rubuta yarjejeniya ta shekara guda. Ta faɗi kuɗin litir na damina da na rani, da yawan da za a riƙa kawowa, da lokacin karɓa, da ranar biya, da irin gwajin da za a yi, da wanda zai ɗauki hasara in motar mai saye ta makara. A sa hannu a gaban maigari ko ma'aikacin kiwo. Ƙungiya ita ma ta cika alkawari da rani, ko da wani ya zo da ƙarin dala biyar.

Gargaɗi biyu

Na farko a kan lafiya ne. Ɗanyar madara tana iya ɗaukar tarin fuka, da kuma cutar bakkale mai sa shanu ɓari da kumburin gwiwa, wadda ke jawo wa mutum zazzaɓi mai tafiya yana dawowa. A tafasa madara kafin a sha, kafin kuma a kwantar da ita. In ta huce sai a zuba ɗan nono mai kyau a rufe. Kada kuma son kuɗi ya sa a sayar da duka. A fara cire rabon yaran gida da na maraƙi. Maraƙin da aka hana nono yau, shi ne saniyar da ba za ta tatsu ba gobe.

Na biyu a kan mata ne. A al'adar ruga, nono na mace ne. Da kuɗinsa take sayen gishiri da sabulu da kayan miya da maganin yara. An lura a wurare da dama cewa da zarar madara ta fara shiga hannun kamfani, sai maza su karɓe cinikin. Duk ƙungiyar da za a kafa, a rubuta sunayen mata a littafinta, a biya su hannu da hannu, a ba su kujeru a kwamiti.

Matan ajin da na ambata yanzu suna da littafi. Kowace safiya wadda ta fi iya rubutu tana sa suna da yawan litir da kuɗi, yaron mai yawur kuma yana sa hannu. Kuɗin litir bai ƙaru ba tukuna, amma tun daga lokacin ba a sake musun bashi ba.

Tambayoyi don tattaunawa a aji: Litir nawa rugarku ke samu a rana da damina, nawa da rani? Nawa kuke kashewa kafin ku samu litir guda? Rugage nawa ne za su iya kai madara wuri ɗaya kafin awa uku? Malamin aji ya rubuta amsoshin, ya aiko mana ta hannun mai kula da makarantu.

Allah ya albarkaci garke, ya ba mu damina mai albarka.